Falle na Bakwai

Akwai wani mutum masaƙi a wani ƙauye, yana da mata, sunanta Yalwa. Shekara tara suna tare Allah bai ba su haihuwa ba. A cikin shekarun nan ya saƙa wa mutane zannuwan goyo da shi kansa bai san iyakarsu ba. Masaƙarsa irin ta maza ce, wadda take fitar da saƙa siririya, faɗin tafin hannu, sai an jera falle-falle an ɗinke kafin a sami zane. Yalwa ce mai ɗinkin. Ita take haɗa su da allura, ta ninke, ta miƙa wa masu su da fara'a. In sun fita kuwa, sai ta daɗe a sunkuye tana tsintar zaren da babu shi a ƙasa.

A shekara ta goma Ubangiji ya dube su, Yalwa ta sami ciki.

A ƙauyen nan, ranar suna, in za a kai jariri majami'a a yi godiya, a naɗe ake kai shi cikin sabon zanen goyo wanda ubansa ya tanada. Wanda bai iya saƙa ba yakan sa a saƙa masa. Amma a ce ɗan masaƙi ya fito cikin zanen hannun wani, wannan abin magana ne har yaron ya yi gemu.

Sai dai mutumin ya riga ya yi wa wani babban masaƙi na birni alkawarin aikin rani, birnin kuwa tafiyar kwana huɗu ne. Can ne kuma ake rina jan zaren da ya sa a ransa. Da safiyar da zai tafi, ya kira matarsa, suka zauna a bakin ɗaki.

Ya ce, "Falle goma sha uku zan saƙa wa ɗanmu. Ba zan tara su in aiko gaba ɗaya ba. In na danƙa wa mutum ɗaya ya ɓatar, mun rasa duka, ɗinkin kuma zai yi miki yawa a ƙurarren lokaci. Duk wanda na gama, zan ba wanda na samu mai zuwa nan."

Ta ce, "To, maigida, in wani ya riga wani isowa fa? Wasu hanyar tudu suke bi, wasu ta kwari. Mai jaki kuma ba ya tafiya irin ta mai ƙafa."

Ya ce, "Na yi wannan tunanin. Zan ƙulla gezar kowane falle. Na farko ƙulli ɗaya, na biyu ƙulli biyu, haka har ƙarshe. Kada ki haɗa falle sai da wanda ƙullinsa yake bi masa. Ke kuma duk wanda ya kawo miki saƙo, in zai koma, ki ba shi ɗan zare, ki ƙulla mini iyakar inda ɗinkinki ya kai. Ki ji da kyau: ba yawan abin da ya taru a adudunki ba, inda allurarki ta tsaya."

"Me ya raba su?"

"Jan zaren. Rini ɗaya ne, in aka sake wani rinin ba ya fitowa daidai da shi. Zan riƙe ragowa saboda duk fallen da ban ji isowarsa ba, ko da za a sake saƙawa. Wanda kika ce ya haɗu, na saki zarensa ke nan, ya shiga aikin mai masaƙar."

Yalwa ta gyaɗa kai. Can ta ce, ba ta dube shi ba, "Wane ado za ka yi masa?"

Ya ce, "In kin haɗa kya gani."

Ta ce, "Kai dai da ɓoye-ɓoye." Ta miƙa masa guzurinsa, ta raka shi har bakin rijiyar gari, gindin tsamiya, ta tsaya har ya ɓace mata.

Ba a daɗe ba falle na farko ya iso, fari tas, da ɗan ja a gefe guda. Ta ba wanda ya kawo shi zare mai ƙulli ɗaya. Na biyu ya zo, ta ɗinke shi da na farko, ta aika ƙulli biyu. Bayansa sai ga wani, ta ƙirga gezarsa ta ga ƙulli huɗu. Ta sa shi a adudu, ta sake aika ƙulli biyu. Kwana biyu kawai aka yi sai ga na uku a hannun wata mai tukwane da ta biyo doguwar hanya. Yalwa ta yi dariya ita kaɗai, ta ce a ranta, "Ashe haka abin yake." Ta haɗa duka, ta aika huɗu. Na biyar da na shida suka zo lafiya. Jan yana ƙaruwa daga falle zuwa falle, tsinke-tsinke, wasu sama wasu tsakiya, amma ta juya zanen ta kowane gefe ba ta gane abin da ake nufi ba.

Sai na takwas ya zo.

Ba ta damu ba. Ta ajiye shi, ta aika ƙulli shida, tana cewa na bakwai yana hanya. Kwana biyu suka wuce, biyar suka wuce. Sai ga na tara. Ta sa shi kan ɗan'uwansa, ta sake aika shida. Cikinta ya riga ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, allurarta kuma tana soke a bakin falle na shida ba ta motsa ba.

Akwai ƙanwar mijinta, Ladingo, da take aure a bayan gidansu, mace mai son mutane, mai baki kuma. Kullum takan leƙo. Ranar da na goma ya iso a hannun wani tsoho mai sayar da gishiri, tana nan. Tsohon ya ce zai shayar da jakinsa ya juya, a shirya masa amsa.

Ladingo ta buɗe adudu, ta ƙirga, ta tafa hannu. "Matarmu, lafiyarki kuwa? Falle uku a kwance kina kallonsu kamar kayan gado! Wata nawa kike tsammani ya rage miki? Haɗa na takwas ɗin nan da na shida mana. Wa zai tsaya ƙirga geza ranar suna? Tuwo mutane za su zo ci."

Yalwa ta ce, "Yayanki ya ce kada in tsallake."

"Yaya yana birni yana shan inuwa, ke kina nan da ciki kamar randa. Kawo in gani."

Ta shimfiɗa na takwas kusa da na shida a kan tabarma. Abin da ya fi tayar wa Yalwa hankali shi ne, sun yi kusan dacewa. Ja ya taɓa ja. In ba wanda ya san saƙa ba, ba mai cewa akwai abin da ya ɓace a tsakani.

Ladingo ta ce, "Kin gani? To, in ma ba za ki ɗinka ba, kada ki sake aika masa da shidan nan. Shida, shida, kamar wadda ba ta iya ƙirga ba. Bawan Allah yana can yana karya ƙugu a masaƙa, duk saƙon da ya samu sai ya ga ba a gusa ba. Zai ce ko ba ki da lafiya, ko aikinsa bai gamshe ki ba. Na goma ya zo ko bai zo ba?"

"Ya zo."

"To ƙarya kika yi in kin ƙulla goma? Faranta wa mijinki rai, matarmu. Na bakwai zai iso da ƙafarsa, kamar yadda na uku ya yi."

Wannan maganar ce ta shiga Yalwa. Ta ga fuskar mijinta a ranta, yana karɓar zare da ɗoki, yana shafa ƙullin da babban yatsa, yana tarar da shida karo na uku. Ba ta so ta zama mai aika masa da labarin da ba daɗi. Ta ɗauki zare ta ƙulla goma. Ladingo ta karɓa ta kai wa tsohon, ya soke a hularsa ya kama hanya.

Yalwa ta koma ɗaki, ta ɗaga zanen za ta ninke. Idonta ya sauka a kan allurar, tana nan soke a bakin na shida inda ta bar ta kwana da kwanaki. Sai ta ji muryarsa kamar yana zaune a bakin ƙofa: inda allurarki ta tsaya. Ta tuna da jan zaren. In ya ga goma, zai saki ragowar da ya riƙe saboda na bakwai, ta shiga rigar wani. In kuwa na bakwai ya ɓata ne, to ya ɓata ke nan har abada, kuma da hannunta ta rufe ƙofar.

Ba ta ko nemi takalmi ba. Ta ja mayafi ta fita, hannu ɗaya a ƙugu, ɗaya a ƙarƙashin ciki. Ladingo tana kira, "Ke, ina za ki? Za ki haife mana shi a kan hanya!" Ba ta waiwaya ba.

Allah ya sa jakin tsohon mai son ruwa ne. Ta same su a bakin rijiya, gindin tsamiya, yana gyara mangala. Ta tsaya tana haki, ta miƙa hannu wajen hularsa.

Ya ce, "Sannu, 'yata, sannu. Zauna tukuna."

Ta zauna a kan saiwar tsamiyar, ta karɓi zaren. Ƙullin ya ɗaure tam, sai da ta sa haƙori. Ta kwance ɗaya, biyu, uku, huɗu. Ta ƙirga abin da ya rage har sau biyu, ta mayar masa.

Tsohon ya dubi zaren, ya dube ta, ya yi dariya. "Shekara talatin ina kai saƙon mutane. Kowa ƙara wa labarinsa gishiri yake yi kafin ya ba ni, kamar nawa bai isa ba. Yau na ga wadda ta biyo ni da gudu don ta rage. Me zan ce masa?"

Ta ce, "Ba sai ka ce komai ba, Baba. Ka dai sa shi a hannunsa."

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mata tsawo. Na goma sha ɗaya ya iso, ta ajiye, ta aika shida. Ladingo ta daina tsiya, ta koma kawo mata kunu tana kallonta da tausayi, wanda ya fi tsiyar ciwo. Yalwa takan yi addu'a, ba ta da wata doguwar magana. Takan ce, "Ya Ubangiji, ga inda na tsaya."

Rana ta goma sha ɗaya bayan tafiyar mai gishirin, da hantsi, ta ji kukan jaki a ƙofar gida. Tsohon ne. Bai ko sauke kaya ba, ya zaro ƙunshi daga cikin rigarsa. Ta warware, ta ƙirga geza. Bakwai.

Ya ce, "Bari in gaya miki abin da na gani, don ki san gudunki bai tafi a banza ba. Na same shi a masaƙa, zarenki biyu na baya suna rataye a gabansa. Mai masaƙar yana tsaye a kansa, yana cewa a ba shi ragowar jan nan, akwai rigar da take jira. Mijinki ya ce a dakata ya ga saƙon gida. Na ba shi, ya ƙirga, ya miƙe tsaye. Ya ce, 'Na farko na ce ko hanya ce ta yi nisa. Na biyu na fara zargi. Wannan na uku ya tabbatar. Na bakwai ya ɓata.' Nan take ya ajiye wanda yake saƙawa, ya ɗora wannan. Ko abinci sai da na matsa masa."

Yalwa ta ce, "Bai yi fushi ba?"

"Fushi? Sumbatar zaren ya yi, yana tsammani ban gani ba."

Ta sunkuyar da kai, ta ja mayafi ta rufe baki. Ladingo ta yi guɗa.

A ranar ta zare allurarta daga inda ta daɗe. Ta haɗa na bakwai da na shida, ta ɗauko na takwas, na tara, na goma, na goma sha ɗaya, duk suna nan suna jira, ba wanda ya ɓaci. Da ta gama ta shimfiɗa zanen a tsakar gida ta ja da baya. Sai a lokacin ta gani. Tsinke-tsinken jan nan rassa ne da ganye. Falle na bakwai, wanda yake tsakiya, shi ne gangar jikin itacen, daga sama har saiwa, a gindinsa kuma ga ɗan zagaye na shuɗin zare. Tsamiya ce da rijiya. Wurin da wani saurayi masaƙi ya taɓa roƙonta ruwan sha, ya shanye, ya sake roƙo, ya sake, har ta ce masa ko raƙumi ne shi.

Ladingo ta dafa kai ta ce, "Wayyo ni! Da na sa kin ɗinka itace babu gindi."

Yalwa ta ɗauki zare, daga shida ta tsallaka ta ƙulla goma sha ɗaya, wannan karon da gaskiyarta. Sauran biyun suka iso a kan kari. Ta sa allurar ƙarshe ranar Laraba, ta haihu ranar Asabar, 'ya mace. Mijin ya iso ana gobe suna, da ƙurar hanya a ƙafarsa, aka kai yarinyar majami'a a naɗe cikin tsamiyar ubanta.

Bayan wata biyu wani bafatake ya yi sallama yana ta ba da haƙuri. Falle na bakwai na farko ne a hannunsa. Fallen ya shige ƙasan kayansa, ya manta, ya yi ta yawo da shi gari gari, duk ya yi dabbare-dabbare da man gyaɗa. Zane ya riga ya cika, babu inda za a sa shi. Ladingo ta ce a yar. Yalwa ta ƙi. Ta wanke shi, ta ninka, ta yi majanyi da shi, shi ne abin da take ɗaure goyon da shi kada 'yar ta zame.

Ma'anar wannan misali, ƙaunatattu, ita ce wannan. Masaƙin nan Ubangiji ne, zanen kuwa ranmu ne da yake saƙawa. Ya san adonsa tun kafin ya ɗora zare, mu ne ba mu sani ba, domin falle-falle yake aiko mana. Ba kullum kuma suke isowa bi da bi ba. Wata ta sami aiki kafin ta sami lafiyar yin sa. Wani ya gina ɗaki, wadda za ta zauna a ciki ba ta bayyana ba tukuna. Kada mu rena abin da ya riga lokacinsa zuwa, kada kuma mu yi gaggawar ɗinka shi inda ba wurinsa ba don gudun bakin mutane. Mu karɓa da godiya, mu ajiye a adudu. Kowane da ƙullinsa a geza, wanda ya aiko ya ƙirga su.

An ce ma saƙon da muke aika wa juna ta waya haka yake tafiya, gutsure-gutsure, kowane da lambarsa. Wayar da take karɓa ba ta tsallake gurbi. Takan riƙe waɗanda suka riga zuwa, ta yi ta faɗin inda ta tsaya har a sake aiko mata da wanda ya ɓata. In ƙarfe da hannun mutum ya ƙera ya san wannan, ina ga mu?

Zaren da Yalwa take mayarwa kuwa, addu'armu ce. A nan ne yawancinmu muke tuntuɓe, ba don mugunta ba, sai don kunya. Mukan zo gaban Allah mu ƙulla masa goma alhali a shida muka tsaya. Mukan ce mun yafe, ba mu yafe ba. Mukan ce mun warke, ciwon yana nan. Muna gani kamar maimaita roƙo ɗaya zai gajiyar da shi, ko ya nuna ba mu gode wa sauran kyautarsa ba. Allah ba ya bukatar zare kafin ya san abin da muka rasa, amma yana so mu faɗa da bakinmu, domin wanda ya ce ya cika ba ya miƙa hannu ya karɓa. Shidan nan da Yalwa take jin kunyarsa, shi ne saƙon da mijinta ya sumbata.

Fallen da ya makara kuma, mai dabbaren mai, ku tuna da shi in kun dubi shekarun da kuke gani sun tafi a banza. Ba a zanen ya shiga ba, amma shi ne ya riƙe goyon.

Saboda haka in kin durƙusa yau, 'yar'uwa, ko kai ɗan'uwa, ka duba inda allurarka ta tsaya, ka faɗa masa daidai. In shida ne, ka ce shida, ko da jiya ma shida ka ce. Ka gode masa saboda abin da ke cikin adudu, ka gode masa tun yanzu saboda wanda bai iso ba. Ragowar jan zaren tana hannunsa, bai sake ta ba. Mai zuciyar karɓa, bari ya karɓa. Amin.